Akwati Na Takwas

Sau uku ke nan mahaifiyar Mai Gilashi tana mayar da amsa iri ɗaya, ba ragi ba ƙari: ɗanta ba zai auri macen da take kwana ɗaki ɗaya da ƙwari ba.

Amsa ta ukun, Auta ta ji ta ne ranar Laraba da yamma daga bakin Umma. Umma ta tsaya inda ta saba tsayawa, a bakin ƙofa, hannu ɗaya riƙe da labule. Shekara biyar rabonta da taka cikin ɗakin nan.

"Ta ce ke kanki ba ta ƙi ki ba," in ji Umma. "Ta yaba hankalinki, ta yaba aikinki na makaranta. Waɗannan abubuwan ne kawai."

Auta ba ta juyo ba. Kokwamba take yankawa a faranti, siri-siri.

Akwatunan gilashi takwas ne jere a kan kantar ƙarfe, tun daga taga har gindin gado. Biyu na dodon koɗi, ɗaya na ƙoƙi-ƙoƙi, ɗaya na wasu buzuzu masu ƙyalli. Sauran huɗun na ƙadandoniya ne, ba irin ƙananan da ake tsinta a ƙarƙashin tukunyar fulawa ba. Manya ne, baƙaƙe wuluk, masu kaurin babban yatsa. Duka akwatunan hannun Mai Gilashi ne ya yanka ya haɗa. Na farko saye ta je yi. Kafin a kai na huɗu, duk layin ya gane ba gilashi kaɗai ke kai ta shagon ba.

"Kin yi shiru," in ji Umma.

"Me zan ce, Umma? Ba sa cizo, ba sa kuka, ba sa fita. Ruɓaɓɓen ganye suke ci. Kajin maƙwabta sun fi su ɓarna."

"Kaza dai ana yankawa a ci. Wannan fa? Abu da ƙafa sama da ɗari biyu, ko aike ba ya zuwa."

Auta ta ɗauki farantin. Ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya tana sa wa kowa abincinsa a ɗan murfin roba.

Na takwas, wanda ke can ƙasa jikin bango, bai samu ba. Shi ne mafi girma, ƙasar cikinsa ta kusa kamu ɗaya zurfi. Nan Jirgi take, babbarsu duka, wadda Auta ta raina tun tana kamar ɗan ƙaramin yatsa har ta kai daga tafin hannu zuwa kusa da gwiwar hannu. Yaya ne ya sa mata sunan, wai tafiyarta sak jirgin ƙasa.

Kwana goma sha biyu da suka wuce Jirgi ta daina cin abinci, ta nutse cikin ƙasa za ta yi saɓa. Haka suke yi. Su gina ɗan ɗaki can ƙasa, su tuɓe tsohuwar fata, su kwanta da jiki laushi tiɓis har sabuwar ta yi tauri. Mako uku, wani lokaci wata guda. A kwanakin nan ba a tono, ba a ɗaga akwati, ba a ko ja shi gefe. Da zarar ɗakin ya rufta mata, shi ke nan. Shi ya sa Auta ta ɗauke murfin abincin gaba ɗaya, kada ya yi ta ruɓa yana tara ƙuda.

"Uwar ƙwari!" Muryar Yaya ce daga falo. "Fito, kina da baƙo."

Ta san baƙon tun daga turarensa. Mai Feshi ne, abokin Yaya tun na makaranta, mai kamfanin feshin maganin ƙwari. Motarsa na waje, an zana kyankyaso a jikinta ya yi rigingine ƙafafu a sama. Shekara guda ke nan yana sintiri a gidan neman aurenta, bai gaji ba, bai kuma taɓa ɓata rai ba. Wannan ne ma ya fi damun ta.

"Ranki ya daɗe," ya ce yana gyara zama. "Ya 'yan hayarki?"

"Lafiya ƙalau suke, tunda ba ka shiga ba."

Ya yi dariya har da buga gwiwa. "Kin gani, ni da ke sana'armu ɗaya. Ke kin san abin da suke ci, ni na san abin da ke cin su."

Yaya bai yi dariya ba. Tun rasuwar Baba shi ne babba a gidan, kuma in ya ajiye waya a kife a kan tebur, kowa ya san maganar ba ta wasa ba ce.

"Zauna, Auta. Wata takwas muna jiran mutanen nan. Shekararki ashirin da tara, ba wanda zai ɗaure ki ya kai ki inda ba ki so. Amma ni ma ina da fuskar da nake karewa. Sau biyu manyan abokina suna neman zuwa ina cewa su dakata. Jibi Juma'a. In aka yi la'asar ba mu ji daga gidan Mai Gilashi ba, na rufe maganarsa, ba zan sake buɗewa ba. Sauran kuma ki ce wa abokina e ko a'a, wannan naki ne."

"Yaya, kwana biyu fa."

"Wata takwas da kwana biyu."

Mai Feshi ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, kamar maganar ba ta shafe shi ba. Umma ce ta karkatar da zancen, ta hau kukan kyankyasan da suka addabi kicin, tana hararar ƙofar ɗakin Auta.

"Umma, wannan ai ba abin damuwa ba ne," ya ce da sauri. "Ni da gidanmu? Sai mu zo mu feshe ko'ina."

"Ba yanzu ba," in ji Auta, ta miƙe tsaye. "Ko ƙofata a kulle take, iskar tana shiga ta ƙasa. Ku ba ni wata ɗaya."

"To, mun ji," in ji Yaya, ya ɗauki wayarsa.

Ba ta so yadda ya faɗi "mun ji" ɗin ba.

* * *

Ranar Alhamis jarrabawar gwaji ake yi a makarantar da Auta ke kula da ɗakin kimiyya. Doka ce, duk ma'aikaci sai ya kulle wayarsa a loka. Tun takwas na safe take zirga-zirga tsakanin tebura, ta miƙa wa wannan kwalba, ta goge wa wancan abin da ya zubar. Sau biyu tana ƙirga almakasai tana manta inda ta tsaya. Malamar da ke sa ido ta dube ta ta ce, "Malama, yau kamar ƙaya ce a kujerarki."

Sai ƙarfe biyu ta buɗe lokar. Kira goma sha ɗaya. Huɗu na Umma, bakwai na Mai Gilashi. Da saƙo ɗaya: "Kada ki je gida. Ki zo shago."

Ba ta tsaya sa hannu a littafin tashi ba.

Shagon ɗan tsukuku ne, gilasai jingine jikin bango kamar shafukan littafi, babban tebur mai shimfiɗar bargo a tsakiya. Mai Gilashi yana tsaye a bakin ƙofa, rigarsa sharkaf da gumi, ga ƙasa a gwiwoyin wandonsa. Fuskarsa kuwa fal murna.

"Kwantar da hankalinki, Malama. Duk suna nan."

"Su wa?"

"Ƙarfe sha ɗaya Umma ta kira ni. Wai an fasa wani aikin Mai Feshi, Yaya ya ce su zo yau kawai su feshe gidan. Ta yi ta kiran ki ba ki ɗauka ba. Ta ce min, 'Ɗan nan, ni dai ba zan taɓa su ba, amma in suka mutu 'yata ba za ta yafe min ba.' Na ari motar mai katako na je."

Auta ta dafa ƙofa. Umma. Umma da ko labulen ɗakin ba ta son ya taɓa ta.

Ya ja ta zuwa bayan shagon, inda yake ajiye madubai. Ya jera akwatunan a ƙasa a kan kwali, ya lulluɓe su da tsohon zanen gado saboda rana. Ya yaye zanen kamar mai buɗe kyauta.

"Ko ɗaya bai tsage ba. Aikina ne, na san inda ake kamawa. Kuma ina da albishir wanda ya fi wannan. Inna ta amince. Gobe da safe kawuna zai je wurin Yaya."

Ta ji maganar, amma ba ta shige ta ba. Idonta na kan akwatunan, leɓɓanta na motsi. Ta ƙirga daga dama. Ta sake ƙirgawa daga hagu.

"Bakwai ne."

"E, bakwai."

"Ina na takwas?"

"Babban nan na ƙasa? Ai ba kowa a ciki. Na duba. Kowane akwati da murfin kokwambarsa, shi babu. Na ɗaga ganyen sama, ba komai. Na ce ƙasa ce kika tanada. Ga nauyi, ni kaɗai, ga su sun fara haɗa magani a tsakar gida..."

Ya tsaya, don ya ga fuskarta.

"Jirgi," ta ce. "Jirgi tana ciki. Saɓa take yi."

"Na ɗauka tana cikin waɗannan, a ƙarƙashin ɓawon itace. Ba ki gaya min ba."

"Yaushe zan gaya maka? Mako biyu ba mu da zance sai na Innarka." Ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ka rufe ƙofar? Ka ce musu kada su shiga?"

Ya ajiye zanen a kan kwali.

"Yaya ya tambaye ni ko na kwashe duka," ya ce a hankali. "Na ce e."

* * *

Tun daga bakin layi warin ya tare su. An fito da tukwane da katifu tsakar gida, Umma na zaune a inuwa da gyale a hanci. Mai Feshi yana naɗe tiyon feshi, ma'aikatansa biyu suna loda tankuna a mota.

"Ranki ya daɗe, kin zo a daidai. Ɗakinki ma mun..."

"Ka fesa?"

"Yaya ya ce an kwashe komai, kuma daga nan kyankyasan ke fitowa. Bango, ƙarƙashin gado, kanta, duka."

"Akwatin da ke ƙasa fa?"

"Mai ƙasar nan? Murfinsa raga ce, dole ya samu. Ai irin wurin nan suke ƙwai."

Auta ta nufi ɗakin. Ya sha gabanta, murmushin ya bar fuskarsa.

"Ba a shiga sai bayan awa huɗu. Da gaske nake."

"Akwai rai a ciki. Can ƙasa. Gaya min gaskiya, kai ka san maganinka. Yana nutsewa?"

Ya dube ta, ya dubi Mai Gilashi da ke tsaye bayanta kamar wanda aka dasa. Da zai iya yin dariya a lokacin, da ba wanda zai hana shi. Bai yi ba.

"Ba ya nutsewa da sauri sai an zuba ruwa. Yana zama a sama, a jikin ganye da gilashi. Amma yana daɗewa, mako shida ko fiye. Duk abin da ya fito ya taka, ya tafi." Ya koma mota ya dawo da takunkumi da safar hannu. "Sa wannan. Ki buɗe taga. In kin ji jiri ki fito."

Ta karɓa ta sa, ta shiga.

Ɗakin ya zama wani iri, kantar ƙarfen wayam, sai zoben ƙura inda akwatuna suka zauna. Na takwas yana inda yake. Ganyen samansa na ƙyalli kamar an yi yayyafi.

Ta durƙusa. Hannunta ya kai kan ƙasar, yatsunta suka lanƙwashe da kansu za su tona. Ta janye su ta matse a cinya. In ta tona don ta gani, ita ce za ta kashe ta. In ta bari, ranar da Jirgi ta fito da yunwar wata guda, guba za ta fara takawa. Abu ɗaya ya rage: a kwashe saman a hankali, zurfin yatsa biyu, ba tare da akwatin ya motsa ba.

"Umma! Cokali da bokiti!"

Mai Gilashi ne ya kawo. Ya ajiye a bakin ƙofa, ya tsaya a nan, daidai inda Umma ke tsayawa.

Ta tsince ganyen ɗaya-ɗaya. Sannan ta fara da cokali, tana shafto ƙasar kamar mai kwashe kumfa a kan tafasasshen ruwa. Hawaye na gangarowa suna jiƙa bakin takunkumin, ba hannun gogewa.

"Malama, ki yafe min."

Cokali ɗaya. Cokali biyu.

"Wallahi gudu na yi ta yi don in cece su. Da na sani, da a bakin ƙofar nan zan kwanta, sai dai su fesa ni."

"Na sani." Ta juye cokalin a bokiti. "Ba wannan ke ci na ba. Kuskure ne, ni ma da laifina. Abu ɗaya nake so ka gaya min. Jiya da yamma Inna ta ce a'a. Yau da rana ta ce e. Me ya faru a tsakani?"

Ya mayar da ido kan bokitin.

"Ina jin ka."

"Bayan na sauke akwatunan, na biya gida."

"Sai?"

"Na ce mata kin haƙura. Na ce kin bayar da su duka, ɗakin ma an feshe shi."

Cokalin ya tsaya a sama. Ta juyo da kanta kawai, don kada gwiwarta ta bugi gilashin.

"Ka ce mata na bayar da su."

"Ki saurare ni. Gobe Juma'a. Yaya ya rantse, kin fi ni sanin halinsa. In kawu ya zo gobe, an wuce wurin. Su kuma suna bayan shago, Inna ba ta taɓa leƙa can ba. Kullum kika tashi aiki ki biyo ki ba su abinci. Bayan aure, a hankali, in ta saba da ke..."

"In ta saba da wa? Da matar da ka ƙera mata?"

"Ba haka ba ne."

"Haka ne mana! Ka auna, ka yanke inda ya yi yawa, ka goge bakin don kada ya yanki hannun Inna. Ni zan shiga gidanku ina gaishe ta safe da yamma, tana sa min albarka a kan abin da ban yi ba. Ranar da ta gane fa? Wa za ta kira maƙaryaciya, ɗanta ko 'yar mutane?"

"To me kike so in yi?" Muryarsa ta karye. "Wata takwas ina roƙon ta. Na kai mata hotuna ta ture wayar. Na tura mata ƙanwarta, na tura kawu. Tun tana yarinya wani abu mai ƙafafu ya shige mata kunne tana barci, kwana uku ana fama. Ko zare ta gani a ƙasa sai ta daka tsalle. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Ita ta haife ni, ita ta sayar da keken ɗinkinta ta saya min tebur ɗin nan da nake yanka a kai. Ke kuma in na rasa ki, ban san me zan yi da shagon ba, ban san me zan yi da kaina ba. Ki gaya min, wanne zan ajiye?"

"Ban ce ka ajiye kowa ba."

"Ke fa? Ko sau ɗaya kin taɓa tunanin ki haƙura da su saboda ni?"

Tambayar ta same ta inda ba ta shirya ba. Ta mayar da ido kan ƙasar.

"Kullum," ta ce. "Kullum sai na yi. Jiya har na rubuta wa wani malami saƙo ko zai karɓe su, na goge. Shekarar da Baba ya kwanta jinya, ni ke ɗakin asibiti, ni ke gida, ba mai tambaya ta ya nake. In na dawo na zauna a nan, in ɗora Jirgi a hannuna ta yi ta tafiya, ƙafafun nan suna bi ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Shi ne kawai lokacin da ƙirjina ke sauka. Kowa a gidan nan dariya yake min. Kai kaɗai ka tambaye ni iska nawa suke buƙata kafin ka huda murfi. Don wannan na so ka. Yau kuma kai ne ka je ka ce babu su."

Ya jingina kansa da jikin ƙofa. Ba ta ga hawayensa ba, amma ta ji yadda yake jan numfashi.

"Akwai saura," ya ce.

"Wane saura kuma?"

"Ta ce sai ta gani da idonta kafin kawu ya taso. Bayan la'asar za ta zo."

Auta ta dubi taga. Inuwar katanga ta riga ta rufe rabin tsakar gida.

Ko cokali goma ba ta ƙara ba ta ji sallama. Ta ji Umma tana "Maraba, maraba, Hajiya, ku yi haƙuri da warin nan," ta ji Yaya ya fito yana gaisuwa da muryarsa ta manyan baƙi. Ta ji takun takalmi yana matsowa, a hankali, kamar na mai tsallake kwata.

Mahaifiyar Mai Gilashi 'yar ƙaramar mace ce, ta toshe hanci da bakin mayafi, jakarta a ƙirji. Ta tsaya bayan ɗanta ta leƙa. Idonta ya bi kantar daga sama har ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya dawo. Sai kafaɗunta suka sauka.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Sannu, 'yata. Sannu da ƙoƙari. Na san ba abu ne mai sauƙi ba, ga idonki nan ya nuna. Allah ya yi miki albarka, ya musanya miki da 'ya'ya masu albarka."

"Amin, amin," in ji Yaya daga baya.

Auta ta sauke takunkumin ta gaishe ta a durƙushe. Ta dubi Umma, Umma ta kawar da kai. Kalma ɗaya ba a nema daga gare ta ba. Shiru kawai za ta yi, gobe kawu ya zo.

"To wannan na ƙasan fa?" in ji tsohuwar. "Shi ne ya rage?"

"Ƙasa ce kawai, Hajiya," in ji Yaya. "Kwashewa take yi."

"Da cokali? Haba, sai yaushe? Ga wari, za ki jawo wa kanki ciwon ƙirji." Ta taɓa bayan ɗanta. "Kai kuma ka tsaya kana kallo, ƙato da kai. Ɗauki ka kai waje ka juye a bola, yarinya ta huta."

Mai Feshi, da ya matso bakin baranda da makullin mota a hannu, ya daina kaɗa makullin.

Auta ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin. Ba ta dubi kowa ba sai shi.

Mai Gilashi ya tako cikin ɗakin. Taku ɗaya, biyu. Ya tsaya a kan akwatin, ya sunkuya, hannayensa suka nufi kusurwoyin nan da shi ya san inda ake kamawa.

Sai ya miƙe, hannu wayam. Ya juya.

"Inna, ba zan ɗaga ba."

"Nauyi ne? Yayanta ya kama maka."

"Ba nauyi ba ne. Akwai mai rai a ciki, can ƙasa. Babbar ce. In na ɗaga za ta mutu." Ya dube ta. "Sauran bakwai kuma suna bayan shagona. Ba ta bayar ba, ba ta ce za ta bayar ba, ba ta ma san na faɗa miki haka ba sai ɗazu. Ƙarya na yi miki, Inna. Ni kaɗai."

Tsohuwar ta ja da baya har ta taka ƙafar Umma. Idonta ya sauka kan akwatin, ya koma kan ɗanta, ya daɗe a can.

"A shagon," ta ce. "A shagon da nake aiko maka abinci."

"E, Inna."

"Ka dubi idona da rana tsaka ka ce min babu."

"E, Inna."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafinta, ta ce wa Umma, "Hajiya, na gode da karamci," ta juya. Umma ta bi ta tana "Ki tsaya ki sha ruwa, don Allah ki tsaya," har ƙarar ƙofar gida ta katse maganar.

Yaya ya dubi Mai Gilashi sama da ƙasa, kamar yau ya fara ganin sa.

"La'asar ɗin gobe," ya ce. "Ban ƙara minti ɗaya ba."

Ya wuce. Can waje motar Mai Feshi ta tashi, ta daɗe tana ruri kafin ta ja.

Auta ta share fuska da bayan hannu. "Bi ta," ta ce. "Maza bi ta, kada ta hau mota ita kaɗai a haka."

"Zan je. Yanzu ko na bi ta ba za ta ji ni ba, sai ta isa gida ta zauna." Ya leƙa waje. "Umma, don Allah a ƙara mana cokali ɗaya."

Ya naɗe hannun riga, ya durƙusa a ɗaya gefen akwatin a hankali, yana kiyaye gwiwarsa daga gilashin.

"Nuna min," ya ce. "Iya ina zan tsaya?"